Yatsa Mai Maiƙo

Babban yatsana duk maiƙon gyaɗa,
na shafa gilashi, ya yi kunnen ƙashi.
Sai na goge a gefen zani
kafin ya buɗe mini kasuwa.

Ban yi boko ba. Dannawa nake in riƙe,
in yi magana kamar ta kan danga:
"Uwale, mai ya kwanta, galan huɗu,
ƙuli na nan da zafinsa."

Sabis kuwa sai bayan rumbu,
ina ɗaga hannu, kaji na kallona.

Ɗanjummai direba ya turo hoton jarkokina
a tashar Gujungu.
Kafin la'asar ƙuguna ya motsa:
alat ne.

Na ware ɗarin mai caji,
na juye wata gyaɗar a kasko.