Baƙuwa a Gindin Ɗorawa

Ɗorawar da Baba ya bar mini a gonar Harbo
ita ke ba ni kalwa, kalwa ta ba ni daddawa,
daddawa ta ba ni kuɗin gishiri da manja ranar kasuwa.
Bana kwando biyu kacal na tara.

Na zargi fari, na zargi tsufa,
har na zargi bakin Kuluwa da ta yabe ta bara.
Sai Ilu ƙanena ya sunkuya ya ce, "Yaya, dubi ƙasa."

Ga su nan sun yi mata zobe,
sirara, kore shar a tsakiyar bazara.
Ganye sahu biyu, kowanne da haƙoran zarto,
ya ɗan lanƙwashe kamar lauje.
Na tsinka na tauna. Ɗaci har ƙeya.
Darbejiya.

Ba wanda ya shuka ta a nan.
Jemage ne ya tsotse 'ya'yanta a bakin titi,
ya zo reshen ɗorawata ya yi lilo, ya saki ƙwallon.
Inuwar da ta rene su, ita suke shaƙewa.

Ban ƙi ta ba, Allah ya sani.
A ƙarƙashinta su Ɗantani ke cin tara idan rana ta take,
ganyenta na dafa wa Baba da masassara ta kayar da shi,
da reshenta nake asuwaki.
Amma baƙo, ko na arziki ne,
ba ya kwana a gadon mai gida.

Ilu ya bi manyan da gatari.
Kafin wata ya mutu kowane kututture ya tofo bakwai,
sai ka ce aski muka yi masa.
Malamin daji ya yi dariya: "Sara ba ya kashe ta.
Ku jira ruwan farko ƙasa ta yi laushi.
Ƙanana a tuge su har saiwa,
manya a tone gindin, a feƙe ɓawon,
a dawo, a sake dawowa."

Yau da ruwa aka wayi gari.
Na ci ɗamara, na bar tukunya a murhu.
Ɗari da sha huɗu na tuge kafin azahar,
tafin hannuna ya saluɓe,
ɗacin ya bi ni har cikin tuwo.

Da almuru na ɗaga kai.
Jemagu uku a reshen gabas
suna miƙa fiffike, za su nufi titi.
Na ce, "To, a sauka lafiya.
Mu haɗu baɗi, ina nan."