Shafin da Aka Yage

Motar da Baba ya bar mini ta girme ni da shekara tara,
Barliye mai dogon hanci, koriya a da.
Ta yi jigilar albasa daga Tamaske har bayanta ya lanƙwashe.
Yau wata huɗu tana durƙushe bayan tashar Tawa,
awaki na shan inuwa ƙarƙashinta.
In na murɗa lakile sai ta yi tari biyu,
ta yi shiru, kamar ba ta san ni ba.

Na tafi wurin Arzika mai teburin littattafai,
bakin kasuwa, kusa da mai gyaran rediyo.
Ya kakkaɓe guda uku ya jera mini,
ya ce, "Zaɓi da kanka, ni ko amalanke ban taɓa tuƙawa ba."

Na farko sabo fil cikin leda,
bango na ƙyalli, jika goma sha biyu.
Mota ashirin ya tara a cikinsa,
kowace shafi biyar, kamar rabon sadaka.
Hannun da ke cikin hoton tas yake, farce a yanke.
Na ce wannan hannu bai taɓa laluben noti cikin yashi ba.

Na biyu fotokofi ne na fotokofi,
an ɗinke shi da zaren buhu.
Takwas ta koɗe ta koma uku,
kuma tsakanin takwas da uku ake karya ƙusa cikin kan inji,
abin da hawaye ba su taɓa kwancewa ba.

Na uku ba bango, ba sunan mai shi.
Warin gazuwal ya riga shi isowa.
Wasu shafuka fari fat, ba wanda ya dame su,
wasu baƙi ƙirin da sawun babban yatsa:
anbiriyaji, birkin baya, bututun ruwa.
Ashe dauɗar nan taswira ce
ta inda irin wannan mota ke jin ciwo.
A gefe wani ya rubuta da ajami, da jan biro:
"Nan Bature bai san bazara ba, a sassauta kaɗan."
Can ƙasa kuma: "In za ka Keita, duba wannan."
Ban san mutumin ba,
amma ban ji shi baƙo ba.

Na nemi famfon mai, shi ne ciwona.
Daga ɗari da arba'in sai ɗari da arba'in da uku.
An yage.
Wani dare, kan wata hanya, wani ya fi ni buƙata,
ya ninke takardar, ya shige ƙarƙashin mota da tocila a baki,
bai kuwa dawo da ita ba.

Arzika ya ce jika uku.
Na ce shafin da na zo nema babu.
Ya ce, "Shi ya sa ban ce biyar ba."

Na kai wa tsoho Nomau a gareji.
Ya riƙe littafin kai ƙasa, Faransanci bai dame shi ba,
ya daɗe kan zanen injin, sannan ya tuntsire:
"Ɗan Hankurau, wannan ba shi ne cikin motarku ba.
Ubanka ya sauya zuciyarta tun kana goye.
Injin na Marsandi ne, radiyata na tarakta,
akwatin bitas mun ciro shi daga wata gawa a Ƙwanni.
Littafin motar nan har yau ba a rubuta shi ba."

Na sayi jan biro, dala ashirin.
Nomau yana zaune kan tsohuwar taya yana faɗi,
ni ina kwance kan kwali ina cika fararen shafukan,
mai yana ɗiga mini a gefen kunne.
Da la'asar muka gwada, ta yi tari uku.
Na rubuta: uku.
Ba ta tashi ba tukuna.
Ni ma ban tashi ba.