Kifin Jiya

Ƙarfe huɗu da rabi, Busan ba ta farka ba,
na hau tudun majami'a, mataki tamanin da shida,
gwiwa na kuka kamar tsohuwar ƙofa.
Ƙarnin kifi ya biyo ni har benci na uku,
sabulu ya daɗe da sallama mini shi.

Mata na addu'a da ƙarfi, kowa da kukanta,
kamar ruwan sama a kan rufin kwano.
Ni ma na buɗe baki.
Na roƙa wa ɗana aiki, na roƙa wa masu jirgi lafiya,
na roƙa wa Fasto Gil-su sauƙin tarinsa.
Da na iso kan gafara sai harshe ya ƙi,
kamar ƙaya ta gitta a maƙogwaro.

Ubangiji, kalma uku ce kacal.
Ranar Talata mai gidan abinci ya tsaya gaban tiren Mal-sun,
yana duba idon kifi, yana lissafi a ransa.
Ban ɗaga murya ba, ban ko dube shi ba,
ina goge wuƙa na ce, "Na jiya ne."
Alhali da idona na ga an sauke shi da asuba yana sheƙi.
Ya juyo wurina, kwali shida ya saya.
Shekara goma sha tara muna raba tiyo ɗaya ni da ita,
mijinta kuma na asibiti tun shigowar sanyi.

Na gaya maka a nan cikin duhu, har sau uku.
Gaya maka ba wuya:
ba ka da rumfa a jikin tawa,
ba ka harara.
Amma duk na ce amin sai in ji ana nuna mini ƙofa
da hanyar da ta gangara kasuwa.

Na same ta tana fasa ƙanƙara.
Na faɗa tsirara, ban ɗora wa Shaiɗan ba,
ban ce ciniki ya gaji haka ba.
Na ajiye ambulan a gefen sikeli.
Ba ta ɗago ba.
"Na ji ki ranar," ta ce, "kunnena bai mutu ba."
Guduma ta ci gaba da aikinta.

Kwana uku ko sannu babu.
Ambulan ta ɗauka, ni ta bar ni.
Ashe tuba ba kuɗi ba ne
da za ka miƙa ka tsaya jiran canji.

Daren Juma'a, zumunta a ɗakin tsohuwa Bok-rye,
mu bakwai a kan daɓe mai ɗumi, takalma jibge a ƙofa.
Aka tambaya wa ke da nauyi a zuciya.
Mal-sun ta gyara zama.
"Ni ce. Daren Talata na roƙi Allah ya kashe injin ƙanƙararta.
Har launin injin na faɗa masa, kada ya kashe na wata."

Shiru.
Sai Bok-rye ta fashe, har haƙoran robanta suka zame,
muka yi dariya har ta koma kuka,
ban san inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta soma ba.
Aka kama hannu don addu'a, nata ya faɗo cikin nawa,
kaushi, da tsagar wuƙa a babban yatsa,
daidai inda tawa take.
Ba ta ce ta yafe ba.
Ta turo mini kwanon miyar ganyen teku,
ta ce, "Sha, kin rame."

Yau ma na hau, tamanin da shida,
ƙayar ta wuce, amma wurin na zafi.
Saura mai gidan abincin, Litinin yake zuwa,
shi ma sai ya ji daga bakina cewa kifin na ranar ne.
Wataƙila ba zai ƙara saye a wurina ba.
Yesu, ka san tsadar haya a wannan layin.
Ka tsaya kusa da sikeli ranar,
kada in sake goge wuƙa in sunkuyar da kai.