Ɗaki a Kan Taya

Ba don wannan ya saye ta ba.
Shekara tara Yaya Tasi'u na tara riyal a gwangwanin madara,
wai ran da ya ajiye tuƙin tankar ruwa a Makka
zai kai mu Umluj, mu ga teku ido da ido,
mu soya kifi a bakin ƙofa.
Ga ta nan: gado biyu, murhun gas, firji mai tari,
labulen da Inna ta ɗinka da ragowar atamfa.
Ga mu nan kuma, hancinta na kallon Riyad.

Ni ke riƙe da sitiyari,
ni da ya koya wa tuƙi a fili bayan isha'i,
yana ihu, "Sassauta, Sa'ade, ba jaka ba ce!"
Yau a hawan Hada, kowace kwana na sha
sai in ji numfashinsa ya tsaya a bayana
ya jira mu miƙe.
Birai na zaune a kan duwatsu kamar 'yan zaman makoki.
Na ƙi kallonsu.

Likita ya ce daji.
Na leƙa taga bayan Ta'if, nan ma dajin ne,
sai dai wannan an kafa masa alluna,
an rubuta saura nawa.

A Muwaihi mai zuba fetur ya leƙo,
ya ga tukunya, ya ga labule, ya washe baki:
"Yawon shan iska?"
Na ce e.
Yaya ya ɗaga hannu daga cikin bargo
kamar ango.

Kwalaben magani na kwana gefen nono da dabino.
Robar amai tana ƙarƙashin gado, na san wurinta a duhu
fiye da yadda na san takalmina.
Ya ce tsire yake marmari, mai ƙuli da yawa,
irin na tsohon nan na Misfala.
Na dama kunu. Cokali uku ya sha,
na huɗun don ni ne, na gani a idonsa.

Asibiti na da bene goma sha wani abu,
mu muna ƙasa, layin ƙarshe, jikin turken fitila.
Mai gadi ya ga farin gida, ya kau da kai.
Da safe in kai shi su ɗaura masa ruwan nan mai cin jini,
da yamma in dawo da abin da suka rage mini.
In kakkaɓe matashi ta taga,
sumarsa ta bi iska, ta riga mu komawa gida.

Daren Laraba ya kira ni.
"Takardun mota na cikin aljihun ƙofa.
Tayar baya ta hagu tana shan iska, kada ki yarda da ita.
In ta yi zafi, kada ki buɗe murfin da hannu..."
Na ce, wa ya tambaye ka?
Na fita, na zauna a kan matakala,
na yi kukan da ba ya motsa mota,
don in ta girgiza zai sani.

Inna ta bugo. Na ce da sauƙi.
Ta ce, "Muryarki fa?" Na ce sanyin na'ura ne.

Yau an sallame mu, sati uku mu dawo.
Taswirarsa na nan manne a saman gilashi,
Umluj zagaye da jan biro, jan ya koɗe.
Na tsaya a mararraba har na baya suka fara hon.
Na ce, Yaya, dama ko hagu?
Shiru. Na ɗauka barci ne.
Can ya ce, "Kin duba baƙin mai?"

Na gangara gefen titi.
Na zaro ƙarfen, na goge da bakin gyalena,
na mayar, na sake zarowa,
na kai masa har gado ya gani.