Ƙarfen da Ya Ƙi Maganaɗisu

A Suwame, bayan rumfar Opoku mai walda,
inda baƙin mai ya rine ƙasa,
nake sayen tsohon ƙarfe tun gemuna bai yi furfura ba.
Kayan aikina uku ne: sikeli, zarto,
da maganaɗisun da na ciro daga mushen rediyo.

Ran Laraba Isifu ya turo baro
da bututu guda, bai fi kamu uku ba.
Ya ce daga Tema ya fito,
shekara ashirin ruwan gishiri na bi ta cikinsa.
Na leƙa. Ko ɗigon tsatsa.

Na manna maganaɗisu, ya sulale ƙasa.
Na sake, ya sake.
Na ce alminiyam ne, na yanka kuɗinsa.
Sikeli ya ƙaryata ni a gaban yaro.

Opoku ya kai shi bakin dutsen wasi,
tartsatsi ya fito gajere, ja, kamar mai jin nauyin mutane.
Ya yi dariya, ya shiga lissafi da yatsu masu tabo:
in ka kasa shi huɗu, kashi ɗaya nikal ne.
Kuromiyam ashirin cikin ɗari,
shi ke saƙa masa riga da iska,
ido bai ganinta, ka karce, ta ɗinke kanta.
Molibdinam kamar kanwa a miya,
don kada gishiri ya yi masa ƙofar allura.
Ɗan jan ƙarfe saboda ruwan batir.
Gawayi kuwa an rage shi har ya kusa babu.

Na ce, sauran fa?
Ya ce baƙin ƙarfe ne, irin na fartanya,
sai dai nikal ya sake masa zama,
ba ya amsa kiran da danginsa ke amsawa.

Muka sa zarto. Inda aka matsa masa, nan yake taurara.
Zafi ba ya yawo a jikinsa,
wuri guda yake tsayawa ya cinye haƙoran zarto.
Biyu muka kashe kafin azahar.

Isifu na tsaye, ya ji komai.
Na ƙara masa sidi.
Ban ƙara duka ba, Allah na gani.

Zoben da muka yanke yana ƙarƙashin sikelina.
Damina biyu ta Kumasi ta wuce ta kansa,
kwanon rumfa ya huje, kwaɗon ƙofa ya yi ja,
gwiwata ma ta fara ƙara.
Wani lokaci, in ciniki ya yi sanyi,
nakan sake gwada masa maganaɗisun.