Matakala Goma Sha Tara

Ni ne Eleuterio, magini a Valparaíso,
garin da ya rataye a jikin tsauni kamar shanya.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
da na zuba matakalar makarantar unguwarmu.
Goma sha tara ce, na auna da igiya, na auna da ido,
ba wadda ta ɗara 'yar'uwarta ko da faɗin farce.
Ƙasa ta girgiza, gidaje suka durƙusa,
matakalata ko gezau.
In an zauna shayin yamma, da ita nake cika baki.

Sai ga takarda daga hukuma: a fasa gefe guda.
An turo sabuwar malamar lissafi,
Maite Quilodrán, a keken guragu take.

Na tafi da sassafe, rai a ɓace, guduma a kafaɗa.
Na same ta a gindin matakalar,
takardun jarrabawa a cinya, ta danne su da dutse
don kada iskar teku ta kwashe.
Samari huɗu suka naɗe hannun riga,
biyu gaba, biyu baya,
suka cicciɓi keken kamar buhun siminti.
Tana yi musu murmushi,
amma na ga yadda yatsunta suka damƙe ƙarfe.

Na ce, kullum haka?
Ta ce, wata biyu ke nan.
Ran da aka yi ruwa fa?
Ta ce, ran nan a rumfar mai burodi muke darasi.

Na ce, Malama, matakalar nan ba ta da aibu.
Ta ce, na gani, aiki ya yi kyau.
Wa ka tuna da shi ranar da kake zuba ta?

Bakina ya mutu.
Nibaldo ne ya faɗo mini, ɗan ƙanwata,
da aka haifa ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa.
Yana da shekara bakwai a lokacin,
a kan buhu muke zaunar da shi a inuwa,
shi ke riƙe mini bakin igiyar awo,
shi ke ƙirgawa da ƙarfi, har goma sha tara.
Bai taɓa hawa ko ɗaya ba.
Duk gida muka ce ƙafarsa ta hana shi karatu.
Ba wanda ya ce aikin hannuna ne.

A bayan takardar siminti ta yi mini lissafin:
kowane taƙi ɗaya na tsayi, sha biyu a kwance.
Na ga kamar ɓarnar fili ce, na rage a ɓoye.
Da ya bushe ta gwada,
ta kai rabi, keken ya dawo da ita baya.
Ba ta ce uffan ba, ta dai kalle ni.
Na ɗauki guduma a karo na biyu.

Yanzu gangaren ya kewaye itacen lemo sau ɗaya,
ya miƙe har bakin ƙofa.
Kakar wani yaro tana bi da sandarta,
mai kawo tukunyar gas yana bi yana fito,
ni ma, da gwiwoyin nan suka fara gardama,
nan nake bi in ba mai kallo.

Nibaldo agogo yake gyarawa kusa da tashar jiragen ruwa,
furfura ta fara fito masa.
Na ce ya zo ya gani.
Ya ce, me zan je yi yanzu, Kawu?

Sai wata Lahadi ya zo, ba tare da ya faɗa wa kowa ba sai ni.
Na miƙa hannu zan tura, ya ce bar shi.
Ya hau da kansa, a hankali, yana haki.
Ƙofa a kulle take.
Ya kifa goshi a gilashin taga,
ya daɗe yana kallon cikin aji.

Ya ce, allon nan da ake cewa baƙi,
ashe kore ne.