Akuya Mai Ƙafa Biyar

A Gyallesu nake da ajin 'yan shekara huɗu,
su talatin da ɗaya, tabarma biyu.
Da can tsumagiya ce a kan teburina,
yanzu ɗan littafin jagora ne, bangonsa da tabon manja.

Jatau ya ƙi riƙe fensir.
Sati uku ina cewa taurin kai ne.
Shafi na sha tara ya ce yatsun ne ba su ƙosa ba,
a ba shi laka, a ba shi murafen kwalba.
Kunya ta kama ni a motar haya, daidai Ƙofar Doka.

Washegari na ɗebo yumɓu a bakin Kubanni.
Ya mulmula akuya mai ƙafa biyar.
Na haɗiye gyarana.

Hansatu kuwa ba ta cewa uffan.
Littafin ya ce a durƙusa, ido ya sami ido, a jira.
Gwiwata ta yi ƙara. Na jira.
Ran Laraba ta ja gefen mayafina:
"Malama, takalmina yana cizona."

Littafin bai san sunan kowa ba,
ni na sani.
Akuyar na bushewa a taga,
jiya ƙafa ɗaya ta ɓalle.
Jatau ya ƙirga sauran da kansa.